Motar jin daɗin tuƙi mai kujera huɗu: wacce zan saya da ɗan abin da ke hannuna?

Baban Iman, Kaduna

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota ciki da waje, musamman waɗanda suka taɓa riƙe irin waɗannan motoci masu ƙarfi da hannunsu. Shekara tara ina tuƙa ƙaramar mota mai silinda huɗu, ba ta taɓa kunyata ni ba, amma tun ina saurayi nake da burin in mallaki motar da idan na taka totur zan ji ta amsa, idan na shiga kwana kuma in ji ta zauna daram a kan kwalta. Yanzu Allah ya hore mini ɗan abin da na tara, kuma idan na sayar da wadda nake hawa na haɗa, zan iya kaiwa kusan naira miliyan 10. Ba zan ci bashi a kan wannan ba, domin sha'awa ce.

Sharaɗin da ba zan iya kauce masa ba shi ne kujerun baya. Ina da mata da yara biyu, babbar shekararta 7, ƙaramin kuma 4, kuma kusan kowane mako biyu muna zuwa Zariya gaida mahaifiyata, wani lokacin mu wuce Kano. Saboda haka mota mai kujera biyu kamar Nissan 350Z ta fita daga lissafi tun farko, duk da irin son da nake yi mata. Waɗanda nake ta juyawa a raina su ne Mazda RX-8, BMW 330Ci, Infiniti G35 mai ƙofa biyu, da Toyota 86. Na fi karkata ga RX-8 saboda ƙananan ƙofofinta na baya da ke buɗewa ta baya, waɗanda nake ganin za su sauƙaƙa shigar da yara, ga kuma farashinta da na ga ya fi na sauran sauƙi. Wacce a cikinsu za ta ba ni daɗin tuƙi ba tare da ta cinye albashina a gareji ba? Idan kuma akwai wata da ban ambata ba, don Allah a faɗa mini.

Usta Na-Panteka

Wa alaikumus salam, Baban Iman. Sana'ata ke nan, gyaran mota, kuma zan fara da wadda ka fi so domin a kanta na fi jin tsoro a gare ka. Arhar RX-8 tana da dalili. Injinta ba irin wanda muka saba buɗewa ba ne: babu fistin da ke hawa da sauka, sai wasu ƙarafa biyu masu kusurwa uku da ke juyawa a cikin gidansu, irin ƙirar da Bajamushen nan Felix Wankel ya fito da ita. A takarda lita 1.3 ne kacal, amma mai giyar hannu shida tana juyawa har 9,000 a minti ɗaya, kuma wanda ya taɓa jin wannan ƙara ba zai manta ba. Sai dai an ƙera injin ne ya riƙa ƙona ɗan baƙin mai da gangan domin ya shafe wasu siraran ƙarafa da ke kan kusurwoyin nan uku, kuma waɗannan ƙarafa su ne rayuwar injin gaba ɗaya. Da zarar sun cinye, motar za ta riƙa tashi lafiya da sanyin safiya, amma idan ta yi zafi ka kashe ta a gidan mai, sai ta ƙi tashi. Haka kuma idan aka tayar da ita da sanyi aka kashe nan take, fetur kan cika mata ciki ta ƙi kamawa. Shan fetur ɗinta ya yi daidai da na manyan motoci masu silinda shida ko fiye. Mazda ta daina ƙera ta tun 2012, kuma masu iya buɗe wannan inji su mayar da shi daidai a Arewa ba su da yawa ko kaɗan. Ko gwajin matsin injin ma yana buƙatar na'ura ta daban, ba wadda muke ɗaura wa sauran motoci ba. Ƙofofin nan da suka burge ka gaskiya suna da amfani, amma mai iyali da mota ɗaya tak bai kamata ya jingina da ita ba.

BMW kuwa magana ce daban, kuma ba na cikin masu tsoratar da mutane da ita. 330Ci tana da inji mai silinda shida a jere, lita 3, mota ce mai jan baya, wato tayoyin baya ne ke tura ta, kuma sitiyarinta yana gaya wa hannunka abin da tayoyin gaba suke taka. Raunin da kowa ya sani a wannan ƙirar shi ne hanyar ruwan sanyaya inji: tankin ruwan na roba ne, yana tsufa ya tsage, ga famfon ruwa da tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin injin, da ke da nasu wa'adin. Mota ce da aka daina ƙerawa tun 2006, don haka duk wadda za ka samu, robobinta sun sha rana kusan shekara ashirin. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40 a Kano, ka tsaya cikin cunkoso da esi a kunne, nan ne ake gane wadda aka kula da ita. Injin na alminiyam ne. Idan ya yi zafi sosai sau ɗaya, kan injin yana iya lanƙwasa, wani lokacin har zaren kusoshin da ke riƙe shi ya zare daga jikin injin. Akwai kuma wajen da ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin baya ya kama jikin motar, wanda aka san yana tsagewa, sai an ɗaga ta an duba da fitila.

Bari in faɗi abin da na gani da idona, domin laifin ba kullum na mota ba ne. An taɓa jawo mini wata motar Turai da igiya, mai ita yana cewa ta yaudare shi. Da na buɗe bonet sai na tarar wani ya riga ya cire mata tamostat, ya haɗa fanka kai tsaye da makulli, lagireton kuma cike da ruwan rijiya har ya yi ja kamar kunun kanwa saboda tsatsa. Na sa yatsa a bakin tiyo, ƙasa ce ta biyo shi. Wannan al'ada ta cire tamostat da sunan wai ƙasarmu da zafi ta kashe injina da yawa, domin kwamfutar motar tana ganin injin bai kai zafinsa ba, sai ta yi ta ƙara masa fetur. Idan ka zaɓi BMW, ka ware kuɗin sabunta duk kayan ruwan tun ranar farko, ka zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya, kuma ka san wanda zai riƙa taɓa ta kafin ka biya kuɗinta.

A cikin huɗun da ka lissafa, da ni ne, G35 zan duba. Injinta mai silinda shida ne, lita 3.5, danginsa ɗaya da wanda ke cikin Murano, Maxima, Pathfinder da FX35, motocin da suka cika titunanmu. Ba kowane abu ne zai shiga daga waccan zuwa wannan ba, amma yaranmu sun san injin, kuma a Panteka ko Ƙofar Ruwa ta Kano ba za ka yi kwana uku kana neman kaya ba. Sarƙa ce ke juya taiminsa, wato abin da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul, ba bel ba.

Abu Sudais, Abuja

Malam, ni G35 mai ƙofa biyu nake hawa shekara huɗu ke nan, don haka zan ɗora a kan maganar Usta. Ƙashin bayanta ɗaya da 350Z ɗin da ka ce kana so, an dai ƙara mata tsawo ne aka sa kujeru biyu a baya, kuma a Japan ma da sunan Nissan Skyline aka sayar da ita. An yi ta daga 2003 zuwa 2007, na farkon suna da ƙarfin doki 280. Abin da ke sa ni murmushi har yau shi ne fitowa daga kwana: ka saki birki, ka danna totur a hankali, ka ji ƙarfin yana tura ka daga baya alhali sitiyari na hannunka ba ya fizga, ga wannan rugugi na salansa da ake gane ta da shi tun daga nesa.

Amma akwai abubuwan da ya wajaba ka sani. Ƙasa take ƙwarai. A unguwarmu akwai wani tudun rage gudu da matasa suka gina da siminti, sai na karkata motar na hau shi da taya ɗaya-ɗaya, kuma ranar da na ɗauki manya uku na manta, na ji ƙarar cikinta a kan simintin har cikin haƙorana. Da damina, idan layinku na tara ruwa, ka yi tunani sau biyu. Tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, saboda haka ba za ka iya sauya musu wuri don su daɗe ba, kuma na baya suna saurin cinyewa idan ƙafarka tana da nauyi. An san wasu daga cikin injinan, musamman na masu giyar hannu na shekarun ƙarshe, da shan baƙin mai, don haka ka mayar da duba sandar mai al'adarka ta kowace Juma'a. Sannan tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lissafin lita 3.5 ya canza gaba ɗaya. Kafin ka saya, ka ɗauki kuɗin da kake kashewa a fetur yanzu ka ƙara masa rabi ko fiye, ka ga ko zuciyarka ta natsu da hakan kowane wata.

Game da Toyota 86, ita ce sabuwa a cikinsu, ta fito a 2012, kuma a Amurka da sunan Scion FR-S ta fara shiga kasuwa, 'yar'uwarta kuma Subaru BRZ. Ba ta da nauyi, ƙarfin dokinta 200, kuma a kwana babu kamarta a wannan jeri. Sai dai mai kyau a cikinta za ta yi wa kuɗinka nisa, injinta na Subaru ne mai son fetur mai inganci, kuma kujerunta na baya idan dogon mutum ya zauna a gaba, ƙafar yaro ma da ƙyar za ta sami wuri.

Maman Sadiq

Ku yi mini afuwa in sa baki a matsayina na wadda ta sha zama a gefen direba a irin wannan mota. Baban Iman, kafin ka biya ko sisi, ka ɗauki uwargida da yaran ka je da su wajen motar. Ka daidaita kujerarka yadda za ka tuƙa, ita ma ta daidaita tata, sannan a gwada ɗaura kujerar ƙaramin a baya. A mota mai ƙofa biyu sai ka kwantar da kujerar gaba, ka sunkuya ka shiga da rabin jikinka kafin ka ɗaure yaro, kuma idan ya yi barci a hanyar Zariya, fito da shi aiki ne. Tagogin baya na yawancinsu ba sa sauka, ƙofofin gaban kuma dogaye ne, a wurin ajiye motoci mai matsi ba sa buɗuwa sosai. Motocin da aka ƙera don Amurka daga ƙarshen 2002 suna da ƙarafan maƙala kujerar yara a tsakanin mazauni da majingina, ka sa hannu ka lalubo su. Ka kuma tuna cewa 'yarka mai shekara 7 nan da shekara huɗu za ta kusa kai tsawon mahaifiyarta, rufin irin waɗannan motoci kuwa yana gangarowa ne daidai inda kanta zai kasance.

Alhaji Tsohon Direba, Kano

Ɗana, na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina da saɓani kaɗan da Usta da Abu Sudais, duk da cewa ban ƙaryata ko ɗaya daga cikin maganganunsu ba. Me ya sa dole sai mai ƙofa biyu? Abin da ka kwatanta, wato mota ta amsa idan ka taka, ta zauna a kwana, ana samunsa a masu ƙofa huɗu, kuma abin da Hajiya ta faɗa ya isa hujja. G35 ɗin kanta tana da mai ƙofa huɗu, inji iri ɗaya, jan baya iri ɗaya, kuma ta 2007 da 2008 ƙarfinta ya haura 300. Ga kuma Lexus IS da aka yi daga 2006 zuwa 2013. Ƙaramar, IS250, ƙarfin dokinta 204, tana da laushi amma ba za ta girgiza ka ba, kuma an san injinta da tara baƙin gawayi a bakin bawul saboda yadda yake fesa fetur kai tsaye cikin silinda. Babbar, IS350, tana da 306, tana fesa fetur ta hanya biyu, abin da ya rage mata wannan matsala, sai dai atomatik kawai ake samunta. Dashbod ɗin na shekarun farko yana yin danƙo idan ya sha rana, ka taɓa shi da yatsa kafin ka saya. Bayanta ma ba shi da faɗi sosai, amma ƙofa huɗu ce, kuma ranar da ka gaji da ita, kafin la'asar ka sami mai saye. Wannan batu na sake sayarwa bai kamata mai ƙaramin jari ya raina shi ba.

Idan kuma ranka ya kafe a kan ƙofa biyu, kada ka manta da Honda Accord mai ƙofa biyu ta 2008 zuwa 2012, 'yar gidan wadda 'yan kasuwa ke kira Evil Spirit. Mai silinda shida tana da lita 3.5 da ƙarfin doki kusan 270, bayanta ya fi na duk waɗanda ka lissafa yalwa, kuma babu garin da mota za ta lalace maka a Nijeriya ka rasa wanda ya san Honda. Na yarda mai jan gaba ce, kuma masu son wasa da bayan mota a kwana za su ce ba ta kai ba. To amma kai da iyali a ciki, a kan hanyar da tirela da mai babur da shanu ke raba ta da kai, sau nawa za ka kai mota wannan matsayi? Injin nan da bel yake juya taimi, don haka idan mai sayarwa bai nuna maka shaidar ya canza ba, ka canza da kanka kafin tafiyar farko, domin idan ya tsinke a guje bawul da fistin za su haɗu.

Abin da ya fi damuna a kanka shi ne wace motar takamaimai za ta faɗo hannunka. Irin waɗannan motoci matasa ne suka fi hawansu a can waje, kuma da yawa daga cikin masu arha an sayo su ne a gwanjon motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye, aka gyara fuska aka fesa fenti. Ka karɓi lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ne, ana ganinta ta gilashin gaba a gefen direba. Ka tabbatar ta yi daidai da wadda ke jikin ƙofa da ta takarda, sannan ka biya a bincika maka tarihinta a intanet, sau da yawa har hotunan ranar gwanjon za ka gani. Ka ɗaga kafet ɗin but ka shinshina, ka duba ƙarƙashin kujeru ko akwai busasshiyar laka ko tsatsa a kan kusoshi. Idan ka murɗa makulli, fitilar jakar iska da ta inji su kama sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Ka guji wadda aka mayar wa sitiyari daga dama zuwa hagu, domin tun 1972 muke bin hannun dama, doka ba ta yarda da mai sitiyari a dama ba, kuma aikin juyawar nan yana taɓa birki, waya da sandar sitiyari a lokaci ɗaya. Takardun kwastam kuma ka je da kanka a tantance su, musamman idan an ce maka 'yar Kwatano ce, tunda gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa a farkon 2017. A cikin miliyan 10 ɗin nan, kada ka miƙa wa dillali fiye da takwas da rabi. Sauran na taya huɗu sababbi ne, da birki, da mai, da abin da zai fito a watan farko.

Usta Na-Panteka

Alhaji ya yi gaskiya a kan mai ƙofa huɗu, ban musa ba. Ƙari ɗaya kawai zan yi: duk wadda za ka gwada, ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso. Ka ɗora tafin hannunka a kan injin ka ji da sanyinsa, sannan a tayar a gabanka, ka saurari daƙiƙun farko, ka tsaya a baya ka ga launin hayaƙin. Bayan nan a sa mata kwamfuta, a tuƙa ta aƙalla rabin awa har da tsayuwa a rana da esi a kunne.

Baban Iman, Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Usta, na ajiye maganar RX-8, duk da cewa raina bai so ba, domin na tambayi bakanikena jiya da yamma ya ce bai taɓa buɗe irin injinta ba. Hajiya, na karanta wa uwargida abin da kika rubuta, ta ce da ma batun ɗaure ƙaramin ne ya fi tsaya mata a rai, kuma ta amince za ta bi ni da yaran da kujerarsa. Baba Alhaji, na sami G35 guda biyu a nan Kaduna, ɗaya mai ƙofa biyu ɗaya mai huɗu, da kuma wata IS350 ta hannu a Abuja wadda kuɗinta ya ɗan haura abin da ka iyakance mini. Na karɓi lambar shasin biyun farko, mai ta ukun kuma ya ce zai turo gobe. Ranar Asabar da safe za mu fara da na Kaduna, kuma na riga na gaya wa masu su kada su tayar da su kafin mu iso. Abu Sudais, don Allah ka auna mini tazarar da ke tsakanin ƙasa da bakin bambar taka ta gaba, domin in gwada da gangaren ƙofar gidanmu kafin Asabar ɗin.